Shafi 11 Kafin Na Sa Hannu

Saƙon ya shigo ne da yammacin wata Talata, ina haɗa kayana zan tashi daga ofis. Na buɗe imel ɗin a waya, idona ya faɗa kan layin farko inda ake taya ni murna, sai na koma na zauna. Wata uku ke nan ina bin wannan aiki: jarrabawa a kwamfuta, ganawa sau biyu, sannan dogon shiru har na fara fid da rai. A ƙasan saƙon akwai takardu biyu. Ɗaya takardar tayin aiki ce, shafi ɗaya tak, ɗauke da sunan muƙami da albashin shekara da ranar farawa. Ɗayar kuma kwantiragin ne, shafi 11 da ƙananan haruffa. An ce in sa hannu in mayar cikin kwana biyar na aiki.

A daren nan na so in sa hannu in huta. Albashin ya fi wanda nake karɓa, aikin lissafi ne irin wanda na daɗe ina nema, kuma zuciyata tana ta raya mini cewa in na yi nawa za su ba wani. Abin da ya riƙe mini hannu shi ne tunawa da aikina na farko.

Shekara shida kafin nan, a tsaye na sa hannu a kwantiragina na farko. Jami'in yana buɗe shafuka yana nuna mini da yatsa, "nan, da nan, da nan," ni kuma ina bi da biro. Ban karanta ko layi ɗaya ba, ban nemi kwafi ba. Bayan shekara ɗaya da rabi na sami wani wuri da ya fi, na rubuta takardar ajiye aiki na ba da notis na wata ɗaya, kamar yadda na ji kowa yana yi. Aka ɗauko fayil ɗina aka nuna mini sharuɗɗa biyu. Na farko, notis ɗina wata uku ne. Na biyu, wani kwas na mako biyu da aka tura ni, in na tafi kafin cika shekara biyu ni zan biya kuɗinsa. Sabon wurin ba su iya jira na ba, suka ɗauki wani. Takardar ajiye aikina kuwa ta riga ta shiga fayil. Na ƙarasa wata ukun, aka cire kuɗin kwas daga albashina na ƙarshe, na fito biyu babu. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne ba ni da bakin magana, don duk abin da aka yi mini yana rubuce, sa hannuna yana ƙasansa.

Saboda haka washegari na buga kwantiragin a takarda, domin a waya ido tsalle yake yi yana ƙetare layi. Na karanta ni kaɗai sau ɗaya. Na gane kusan rabi. Sauran kuwa harshen lauyoyi ne, jimla ɗaya ta cinye layi takwas, kafin ka kai ƙarshenta ka manta da farkonta. Da yamma na ɗauki takardun na tafi wurin gwaggona, wadda ta shafe fiye da shekara 20 a sashen kula da ma'aikata kafin ta yi ritaya.

Ta sa tabarau, ta ɗauko fensir da rula. Na miƙa mata shafin da albashi yake ina jiran ta yaba, sai ta ture shi gefe, ta kifa tarin takardun ta fara daga baya.

Na ce, "Gwaggo, ai ga farkon nan."

Ta ce, "Na gani, ɗana. In za ka shiga ɗakin da ba ka sani ba, fara sanin ƙofar fita. Ranar shiga kowa fara'a yake yi, ba mai buɗe takardar nan. Ranar da aka saɓa ake ɗauko ta."

Ta ɗora rula a ƙarƙashin layi, tana saukar da ita a hankali, ba ta wuce layi sai ta tambaye ni abin da na fahimta. A sashe na 14 muka tsaya. In ni ne zan tafi, sai na ba da notis na wata uku. In su ne za su sallame ni, wata ɗaya ya ishe su. Suna kuma da damar su biya ni kuɗi a madadin wannan watan su ce in tafi yau, kuma za a lissafa kuɗin ne a kan gundarin albashi. Ta ja layi biyu a ƙarƙashin kalmar "gundari", ta ce za mu dawo kanta.

Ƙasa kaɗan aka ce za a iya kora ta nan take, ba notis ba biya, in na aikata babban laifi "kamar yadda littafin ƙa'idojin ma'aikata ya bayyana". Ta ɗago kai.

"Ina littafin?"

"Ba su turo ba, Gwaggo."

"To ka ga, ana so ka amince da littafin da ba ka taɓa gani ba."

Ta koma sashe na 2 ta nuna mini inda aka ce littafin ɓangare ne na kwantiragin, kuma kamfani na iya sauya shi duk lokacin da ya ga dama. Ashe abin da nake shirin sa wa hannu ya wuce shafi 11. Akwai wasu shafukan a wani ofis, waɗanda za su yanke hukuncin mene ne laifi, sau nawa ake gargaɗi, da ko za a saurare ni kafin a kore ni.

A nan ta yi mini wani bayani da ya sauya yadda nake kallon takardar baki ɗaya. Kwantiragi ba shi kaɗai yake tsaye ba, dokar ƙwadago ta ƙasar da ake aikin tana samansa. Abin da doka ta ce shi ne mafi ƙarancin haƙƙin ma'aikaci, a mafi yawan wurare kwantiragi ba ya iya rage shi, sai dai ya ƙara. Amma dokokin sun bambanta ƙwarai daga ƙasa zuwa ƙasa. Daga baya na bi diddigin maganar da kaina. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tana da yarjejeniya mai lamba 158 ta shekarar 1982, wadda ta ce kada a sallami ma'aikaci sai da dalili ingantacce da ya shafi iya aikinsa, ko halayyarsa, ko bukatun gudanar da ma'aikatar. Sai dai ƙasashe da yawa ba su amince da ita ba. A kusan dukkan jihohin Amurka, misali, mai aiki na iya sallamar ma'aikaci a kowane lokaci ba tare da ya faɗi dalili ba, muddin dalilin ba wanda doka ta haramta ba ne, irin su wariya. Shi ya sa wani ɗan layi guda da ke kusa da wurin sa hannu, wanda ya faɗi dokar ƙasar da za a bi da kuma inda za a kai ƙara, yake da nauyi fiye da girmansa. Wanda zai yi wa kamfanin wata ƙasa aiki ta intanet, ya fara neman wannan layin tun kafin ya duba albashi.

Sashen da ya fi girgiza ni shi ne na 19, kuma da ni kaɗai ne da na wuce shi, don kama yake da irin maganganun rufe takarda. Ma'anarsa ita ce, wannan takarda ita ce cikakkiyar yarjejeniya tsakanin ɓangarorin biyu, kuma ta shafe duk wata magana ko alkawari da aka yi kafin ta, da baki ne ko a rubuce.

Gwaggo ta ajiye fensir ta ce, "Faɗa mini, me da me suka yi maka alkawari a wurin ganawa?"

Na lissafa mata uku da murnata. Shugaban sashen ya ce bayan wata shida za a sake duba albashina. Ya ce kwana biyu a mako zan iya aiki daga gida. Ya kuma ce kamfani zai biya mini kuɗin jarrabawar ƙwarewa da ta rage mini.

Ta turo mini takardun. "Nemo mini su."

Na bi shafi 11 sau biyu da yatsa. Babu ko ɗaya. Abin da ke rubuce shi ne ana duba albashi "lokaci zuwa lokaci yadda kamfani ya ga ya dace", wurin aikina ofis ne ko duk inda aka tura ni, maganar jarrabawa kuwa ko ƙurarta babu. Alhali waɗannan abubuwa uku su ne rabin dalilin da ya sa nake son aikin.

Har yau ban yarda cewa mutumin ya yaudare ni ba. Na kalli fuskarsa lokacin da yake maganar, na tabbata da zuciya ɗaya ya faɗa. Amma shi ba shi ne ya rubuta kwantiragin ba, wataƙila ma bai taɓa karanta shi ba. Lauya ne ya tsara shi shekarun baya don kowa da kowa, ake sauya suna da albashi kawai. Kuma shugaban sashe mutum ne, ana yi masa canjin wuri, yana samun wani aikin, yana mantawa. Ranar da ya tafi, alkawarinsa ya bi shi, ni kuma a bar ni da sashe na 19 wanda na amince da kaina cewa babu wani alkawari. Wannan shi ne abin da nake so duk mai shirin fara aiki ya ji daga gare ni: aikin da aka kwatanta maka a ɗakin ganawa daban, aikin da ke cikin takarda daban, kuma na takardar za ka yi.

Sai a sannan ta yarda muka koma kan kuɗi. Adadin da ya faranta mini rai a takardar tayi jimillar shekara ce kafin a cire komai. A shafin ƙarshe akwai jadawalin da ya rarraba shi. Gundarin albashi kashi 40 cikin 100 ne kawai. Sauran alawus ne na gida da na sufuri, da kuɗin ƙarshen shekara wanda aka ce kamfani ne ke da ikon bayarwa ko hanawa, har da kason fansho da kamfani zai zuba, wanda ba zai taɓa shiga hannuna ba sai bayan ritaya. Muka ɗauko kalkuleta. Muka fitar da kuɗin ƙarshen shekara tunda ba tabbas, muka fitar da kason fanshon kamfani, muka cire haraji da nawa kason, muka raba gida 12. Ƙarin da nake ganin ya kai kashi ɗaya cikin uku a kan albashina na lokacin, ya dawo bai fi kashi ɗaya cikin goma ba. Har yanzu ƙari ne, kuma aikin ya cancanci a karɓa. Amma na riga na fara tsara rayuwata a kan lissafin farko, kuma gara na san gaskiyar a kan teburin Gwaggo da in san ta a ƙarshen watan farko.

Nan ne kalmar da ta ja wa layi biyu ta fito da ma'anarta. In gundarin albashi ya yi ƙasa, duk abin da ake lissafawa a kansa ya yi ƙasa: kuɗin madadin notis, garatuti, a wasu wuraren har da fansho. Wato in sun sallame ni suka ce sun biya wata ɗaya, abin da zan karɓa bai kai rabin abin da na saba gani ba. Akwai kuma wani layi da ya ba kamfani damar cire "duk wani kuɗi da yake ganin ana bin ma'aikaci" daga albashi. Wanda maciji ya taɓa sara, ko igiya ya gani sai ya ja da baya. Na sa masa alama babba. Tun 1949 yarjejeniyar kare albashi ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, mai lamba 95, ta ce ba a cire kuɗi daga albashi sai bisa sharuɗɗa da iyakar da doka ko yarjejeniyar ƙungiyar ma'aikata ko hukuncin sasanci suka tsara, ta kuma ce a sanar da ma'aikaci sharuɗɗan albashinsa ta hanyar da zai fahimta tun kafin ya fara aiki. Da na karanta wannan sai na ji ƙarfin gwiwa, don na gane neman bayani a kan albashi ba alfarma nake roƙo ba.

Lokutan aiki da hutu ba su ɗauke mu lokaci ba. Awa 40 a mako, sai wutsiyar da aka ƙara cewa zan yi "duk ƙarin lokacin da aiki ya bukata" ba tare da ƙarin biya ba. Mai aikin lissafi ya san me ƙarshen wata da ƙarshen shekara suke nufi, don haka na rubuta tambaya a gefe. Hutun shekara kwana 20 ne, amma ba a ce kwanakin aiki ne ko har da ranakun ƙarshen mako ba, kuma bambancin ya kai kusan mako guda. Lokacin gwaji wata shida, notis a cikinsa mako ɗaya, inshorar lafiya ba ta farawa sai an tabbatar da ni, kuma ana iya tsawaita gwajin ba tare da an faɗi iyaka ba. Tarayyar Turai ta sa wa lokacin gwaji iyakar wata shida a wata doka ta 2019, in ban da wasu yanayi na musamman, amma ba ko'ina ke da irin wannan kariya ba. Gwaggo ta ce ta sha ganin ma'aikacin da ya shekara yana "gwaji" don kawai ba wanda ya tuna ya rubuta masa takardar tabbatarwa.

Da muka iso sharuɗɗa biyu na shafi na 8, ta cire tabarau ta ce, "Wannan ya wuce sanina. Nemi lauya." Na ji daɗin wannan magana, don da ta yi mini hasashe da na ɗauka.

Sharaɗi na farko ya hana ni aiki da duk wani kamfani mai sana'a irin tasu, a ko'ina, har tsawon shekara biyu bayan na tafi. Na biyu ya ce duk abin da na ƙirƙira ko na rubuta a tsawon zamana ma'aikacinsu mallakar kamfani ne. Ni kuwa shekara biyu ke nan ina rubuta wani ɗan littafin koyar da ajiye lissafi ga masu ƙananan sana'o'i, da daddare, a kwamfutata, ba ruwansa da kowane ofis. Yadda aka tsara jimlar, ranar da na sa hannu littafin nan ya shiga rigima.

Rabin awa na yi da lauyar da ta saba da shari'o'in ƙwadago, kuma kuɗin da na biya bai kai ko kusa da abin da na yi asara a aikina na farko ba. Ta ce sharaɗin riƙe sirrin kamfani daidai ne, kowane mai aiki yana da haƙƙin kare bayanan abokan cinikinsa, in sa hannu ba fargaba. Na hana aiki kuwa, kotuna a ƙasashe da yawa suna duba ko tsawonsa da faɗin yankinsa da irin aikin da ya hana sun yi daidai da hankali. Ta ba ni misalai biyu don in ga nisan bambancin: a jihar Kalifoniya ta Amurka doka ba ta amincewa da mafi yawan irin wannan sharaɗi, a Jamus kuma ba ya wuce shekara biyu, kuma dole kamfani ya riƙa biyan tsohon ma'aikacin aƙalla rabin abin da yake karɓa a duk tsawon lokacin da ya ɗaure shi. Nawa ba yanki, ba biya, ba iyakar irin aiki.

Na ce, "Ke nan ko na sa hannu ba zai yi aiki a kotu ba?"

Ta ce, "Malam, mai yiwuwa ne. Amma kana da kuɗi da lokacin zuwa kotun? Wasiƙa ɗaya za su rubuta wa wanda ke shirin ɗaukarka, shi kuma ba ya son fitina, ya janye. Gyara shi yanzu ya fi sauƙi."

Ita ce kuma ta nuna mini cewa tayin da kansa yana da sharaɗi: sai an ji daga mutanen da na ba da sunansu su yi mini shaida, an kuma ga sakamakon gwajin lafiya. Ni kuwa har na rubuta takardar ajiye aikin da nake yi, tana cikin jakata. Da na faɗa wa Gwaggo ta waya, ta ce, "Ganin hadari ba ya sa a zubar da ruwan tulu. Bar ta a jakar." Ga kuma ranar farawa da aka sa saura mako biyu, alhali wurin da nake notis ɗina wata ɗaya ne. Wannan karon na sani, don na ɗauko kwantiragin na duba.

Zuwa daren Alhamis ina da tambayoyi 14 a gefen takardu, da kuma tsoro. Fahimtar kwantiragin ba ta ba ni wahala kamar buɗe baki ba. Ina ganin kamar za a ce wannan tun bai shigo ba ya fara ƙorafi, an yi masa alheri yana neman sharaɗi. Na san mutane da yawa da wannan kunyar ce ta sa suka sa hannu a kan abin da suka gani da idonsu bai yi musu ba. Gwaggo ta ce a shekarunta na aiki ba ta taɓa janye tayi don mutum ya yi tambaya cikin ladabi ba, kuma wurin da zai janye saboda haka ya nuna maka yadda zai riƙe ka in ka shiga. Ta ƙara da cewa su ma sun kashe wata uku suna tace mutane kafin su tsaya a kaina, ba sa son komawa farko. Tsakanin tayi da sa hannu ne kaɗai maganata take da wannan nauyin, tun ran gini ran zane.

Ta sa na raba tambayoyin gida biyu: abin da ban gane ba ina neman bayani, da abin da na gane ina roƙon a gyara. Ta kuma sa na zubar da ƙananan. Wanda ya nemi a gyara komai, in ji ta, ba a gane abin da ya dame shi da gaske. Na rubuta saƙon na fara da godiya da tabbatar musu cewa ina son aikin, na ambaci kowane sashe da lambarsa, na rubuta kalmomin da nake so a sa maimakon in ce kawai "ban yarda ba". Na nemi a turo mini littafin ƙa'idoji, da ƙarin kwana uku don in karanta shi.

Ranar Litinin jami'ar kula da ma'aikata ta kira ni ofis. Na tarar ta buga saƙona ta yi rubutu a gefensa da jan biro. Hannuna yana gumi a kan fayil.

Ta ce, "Malam, ka karanta ta sosai."

Na ce, "Ranki ya daɗe, na taɓa sa hannu ban karanta ba."

Ta gyaɗa kai, muka fara. Notis ya koma wata ɗaya ga kowane ɓangare, ta ce wata ukun na manyan shugabanni ne aka manta ba a sauya ba. Duba albashi bayan wata shida da biyan kuɗin jarrabawa, ta kira shugaban sashen a gabana ya tabbatar, aka ce za a rubuta su. Kuɗin jarrabawar ya zo da sharaɗin in na tafi kafin shekara ɗaya zan mayar, sai na roƙi adadin ya riƙa raguwa wata bayan wata, ta yarda. Tsawaita gwaji aka sa masa iyakar wata uku, kuma a rubuce. Hana aiki ya sauko zuwa wata shida, ya taƙaita ga abokan cinikin da na yi hulɗa da su kai tsaye. Mallakar abin da na rubuta ta tsaya ga abin da ya shafi aikin kamfani ko aka yi da kayansa, aka ambaci littafina a matsayin nawa. Hutu kwanakin aiki ne. Ranar farawa aka ɗaga.

Ba duka na samu ba. Rabon gundarin albashi da alawus ta ce tsarin kowa ne, ba za a taɓa shi don mutum ɗaya ba. Ƙarin lokaci ba a biya a matakina, sai dai a ba da ranar hutu a madadi in shugaba ya amince. Aiki daga gida kuwa ta ƙi sa shi a kwantiragi sam, ta ce tsari ne da ke iya sauyawa kowane lokaci. Wannan ya yi mini zafi, don ina so ƙwarai. Na kwana ina auna shi, na yanke cewa zan karɓi aikin a matsayin na zuwa ofis kwana biyar, in an ba ni kwana biyun a gida ƙari ne. Layin cire kuɗi daga albashi ma bai fita ba, an dai ƙara cewa sai an sanar da ni a rubuce an ba ni damar magana, kuma cikin iyakar doka.

Da sabon kwafin ya iso, na shimfiɗa shi kusa da tsohon na bi su da rular Gwaggo layi bayan layi. A sashe na 14 an gyara notis ya koma wata ɗaya, amma a jadawalin shafin ƙarshe har yanzu wata uku ne rubuce. Kuskuren mai bugawa ne, na tabbata, sai dai da na bar shi da takardar ta riƙa magana biyu. Na mayar, aka gyara cikin awa guda. Na duba cikakken sunan kamfanin da ke saman takardar ya yi daidai da wanda zai riƙa biyana, na tabbatar babu gurbin da aka bari fanko. Bayan an sanar da ni a rubuce cewa shaidu da gwajin lafiya sun kammala, na sa gajeren hannu a ƙasan kowane shafi, cikakke a na ƙarshe, da kwanan wata. Ban tashi ba sai da aka ba ni kwafi mai ɗauke da sa hannun ɓangarorin biyu. Washegari na fitar da takardar ajiye aiki daga jaka na miƙa.

A wata na huɗu aka yi wa shugaban sashenmu canji zuwa wani reshe, aka kawo wata sabuwa. Aiki daga gida ya tsaya a makonta na biyu, ban ce komai ba. Da wata shida ya cika, takardar tabbatarwa ta zo amma ba maganar albashi. Na jira mako ɗaya, sannan na nemi ganinta na tuna mata. Ta ce ba ta da labarin wani alkawari, wanda ta gada bai bar mata komai a kai ba. Na buɗe fayil na miƙa mata shafi na 4. Ta karanta sakin layin sau biyu, ta duba sa hannun da ke ƙasa, ta jawo kalandarta ta ce mu zauna ranar Alhamis da ƙarfe goma, in zo da rahoton ayyukan da na kammala.